Kakin Birgadiye Kulu

Lahadi, bayan la'asar

Ban gaji komai ba sai suna. Ubana ya rasu ina aji uku a kolej, na ajiye lakwal, na bar karatu ba takardar birebe, na shiga Kasuwar Dole ina gyaran rediyo a rumfar wani. Ba wanda ya koya mini. Buɗewa nake, in ɓata, in gyara. Daga rediyo na koma kaset, daga kaset na buɗe gidan kallo a Zango. Kamarar farko da na riƙe matacciya ce, wani ɗan Kano ya yar, ni na tashe ta. Na ɗauki biki, na ɗauki suna, na ɗauki saukar karatu, har na tara mutane na kafa ƙungiyar wasa. Na gina gida a Garin Malam. Na kai uwata Makka. Na yi Komisariya Ta Bakwai, wasan 'yan sandan da duk Asabar Damagaram ke yin tsit saboda shi, har masu kabu-kabu su jingine babura su tsaya gaban telen mai shayi. Ba minista, ba kawu a Yamai, ba wani Bature. Ni da Allah.

Na rubuta wannan don in tuna wa kaina ko ni wane ne. Tun ranar Alhamis ina mantawa.

Ramlatu, 'yar wasanmu, tana tsare a komisariya. Ba tamu ta wasa ba. Ta gaske.

Litinin, da hantsi

Na je gidan tele. Direkta bai ce in zauna ba, ni na ja kujera. Ya ce an dakatar da wasan daga sama. Na ce saman wa? Ya nuna rufin ɗaki da bik ɗinsa na rubutu.

"Mai Nasara, ka gode wa Allah," in ji shi. "A takarda wasan na gidan nan ne, mu kuma mun ce ba mu san abin da ake yi ranar Alhamis ba. Sunanka bai fito ko'ina ba. Ka je gida ka sha fura."

"Ramlatu fa?"

"Ita aka gani da kaki ba a lokacin ɗaukar wasa ba. Sojan gona suke cewa. Tsuntsun da ya ja ruwa..." Bai ƙarasa ba, ya ɗauki waya.

Dama suna jiranmu. Tun da muka nuna ɗan sanda yana karɓar na goro a shingen hanya wasu masu kaki suka daina amsa gaisuwata. Malamai ma sun sa mu a wa'azi, wai mace da wando da hula. Duk na shanye. Wasa in bai taɓa kowa ba tatsuniya ce.

Mu ba ma rubuta wasa. Tun zamanin wasan kara haka garin nan ke yi: ka kalli mai iko, ka sa irin rigarsa, ka yi irin tafiyarsa, har shi kansa ya yi dariya. Labari a bakin mutane muke ɗauka. Gidan da muke ɗauka a Sabon Gari mun shafe shi da fenti, mun kafa allo, ga tebur ga benci. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, mutanen ƙauye sai su ga allon su shigo da ƙara ta gaske. Da farko dariya muke, mu ce wasa ne. Su ce, "A'a, ai mun gan ta a tele." Birgadiye Kulu suke nema, wato Ramlatu, wadda ke karɓar ƙara a wasan.

Wata rana wani tsoho ya ƙi tafiya. Aka ce ta sa kakin ta saurare shi don ya samu ya tafi. Labarinsa ya fi duk wanda muka taɓa ƙirƙira. Daga nan ya zama kowace Alhamis. Akwai labule a bayan teburin. A nan nake zama.

Talata, azahar

Ba ruwa a famfo. Ban fita ba.

Laraba, da safe

Mahamud ya tafi Kano. Shi ne Komiser a wasan, shi ne a kan allon talla, shi 'yan mata ke yi wa waya. Na kira shi, ina jin hayaniyar tasha.

"Shef, haƙori ne, wallahi. Ka san haƙorin nan."

"Ba likitan haƙori a Damagaram?"

"Shef, gemun ɗan'uwa ya kama wuta."

"Kai ko gemun ba ka da shi, na roba muke manna maka."

Ya yi dariya, ya kashe. Ni dai ban gudu ba. Ina garin.

Ramlatu ba ta taɓa hawa allon talla ba. Na tsince ta tana budurwa, a wajen abincin uwarta a bakin tasha, tana kwaikwayon wani Alhaji da ke ƙorafin nama ya yi kaɗan, shi kuma yana tsaye a bayanta bai gane kansa ba. Shekara goma sha biyar tana tare da ni. Ta yi maƙwabciya, ta yi dillaliya, ta yi ungozoma, ta yi mai kuka a gidan mutuwa. Ta yi aure ta fito ta dawo, na ba ta maƙwabciya kuma. Babban matsayi na farare ne masu dogon hanci, haka kasuwa take, ba ni na yi kasuwa ba. Amma ita tana da abin da ba su da shi: ta iya saurare. In wani na magana sai in juya kamara kanta. A Komisariya Ta Bakwai maganarta ba ta fi ta cikin cokali ba. "Zauna, ka sha ruwa tukuna." Yau har a fadar samari in mutum ya zo da zafi haka ake ce masa.

Alhamis, da hantsi

Sun zo. Ina ciki na kulle ƙofa. Ta tsagar taga na ga mutum kusan goma a inuwar bango, har da mai akuya. Wani ya yi ta sallama. "Ko Birgadiye na nan? Daga Garagumsa muke."

Da suka watse na fito da farar ƙasa na shafe allon. Rubutun yana fitowa ta ƙasa. Na sake shafawa. Yana fitowa.

Juma'a, bayan an sauko

Inna, uwar Ramlatu, ta zo gida. Matata Ummul Khairi ta shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama.

"Ɗan nan, tambaya ɗaya na zo da ita. Wa ya sa mata kayan nan?"

Na ce Inna, ana kan magana, akwai manya a ciki.

"Ba manya na tambaye ka ba. Ranar da ka zo ɗaukarta ka ce mini, Inna, amana. Na ce ita ba ta da uba. Ka ce kai ne."

Na ce a kawo mata ruwa. Ta ce ta sha a gida.

Zan rubuta maganar Maryama sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Gwauruwa ce daga wani ƙauye a bayan Zermu. Mijinta ya mutu, wan mijin ya ƙwace gonar ya sayar, da ɗanta ya yi magana ya fasa masa kai da ƙotar hauya. Ta zauna gaban Ramlatu tun hantsi har azahar. Ta ce gonar tana da gawo biyu da rijiya mai karyayyen baki, a nan ta binne cibiyar 'ya'yanta. Muka yi wasan. Mun sauya suna, mun sauya gari. An bar gawo biyun da rijiyar, don sun yi daɗi a baki. Ashe ƙauyen suna da tele mai aiki da hasken rana. Kafin a gama wasan kowa ya san gonar wa ce.

Abin da aka yi mata washegari ba zai shiga littafin nan ba.

Wan mijin mai hanya ne, ya shigo gari ya kai ƙara an ɓata masa suna. Da aka tambayi Maryama wa ta gaya wa, ta ce ita hukuma ta kai wa kuka, Birgadiye Kulu ta karɓa da kanta, sammaci take jira a aiko. Har a lokacin jira take.

Lahadi, la'asar

An kai ta gidan kaso.

Litinin, azahar

Na sa Ummul Khairi ta yi dambu da kopto, na kai. A ƙofa mai gadi yana tambayar kowa suna yana rubutawa. Na ga Inna a layi, na miƙa mata kwanon na ce ina da uzuri a gidan tele. Ta karɓa ba ta dube ni ba.

Ba ni da wani uzuri. Na zauna kan dutse a bayan Birni har aka kira la'asar. Dutsen da zafi kamar tanda.

Laraba, da hantsi

Na nemo mata lauya da kaina, ba wanda ya sa ni. Yaro ne mai gilashi, ana ce masa Metir Adam. Ya yi mini bayani dalla-dalla kamar ban je kolej ba.

"In ita ta ga dama ta sa kaki ta karɓi ƙara, laifin nata ne, gidan kaso ne. In kuwa ma'aikaciya ce, maigidanta ya ba ta umarni, to nata ya yi sauƙi, watakila ta fita da jan kunne. Sai nauyin ya koma kan mai umarnin."

"Ita me ta ce?"

"Ta ce ba wanda ya sa ta." Ya cire gilashin ya dube ni. "Ko ka san wani, Malam Mai Nasara?"

Na ce zan bincika.

Laraba, bayan magariba

Ummul Khairi ta ji. Ban san wa ya gaya mata ba.

"Baban Lubna, kar ka soma. Yarinyar nan jarrabawar bak za ta zauna bana. Tsohuwarka ga hawan jini. In suka rufe ka wa zai riƙe gidan? Mahamud?"

"Ni na ce zan yi wani abu?"

"Na san ka. In ka yi shiru haka tsiya kake dafawa. Ita mace ce, za su tausaya mata. Kai kuwa kai suke nema tun maganar shingen nan."

Gaskiya ta faɗa. Gaskiya ce. Mace ce, za su tausaya mata. Duk wanda na tambaya haka ya ce.

Ni dai ban gudu ba.

Asabar, bayan magariba

A lokacin wasanmu sun sa kokawa ta bara. Na ji maƙwabta sun kashe tele.

Litinin, la'asar

Na shiga gidan kason. A ƙofa na ce ni kawunta ne, Malam Sha'ibu. Sunan kakana ne, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Ta rame. Ta ɗaura zane da wani tsohon hijabi na Inna. Da ta gan ni ta ƙame ta sara mini.

"Shef! Ka ga ikon Allah? Shekara goma sha biyar ina roƙonka babban matsayi, ga shi na samu, gari duk maganata yake, sai ga shi ba kamara."

"Ramlatu, bar wasa."

"Me zan yi in na bari? Matan ciki ma ƙara suke kawo mini. Jiya na raba faɗa kan bokiti. Har mai gadin ce mini take Birgadiye."

Na ce ana ƙoƙari. Na ce na ga manya. Na ce lauyan nan ƙwararre ne.

"Ban faɗi sunanka ba," ta ce, a hankali.

"Wa ya ce ki ɓoye?"

"Ba wanda ya ce."

Ta iya shiru, na faɗa. In ta yi shiru sai ka ji kamar ana zare maka magana daga ciki da ƙugiya. Na duba agogo.

"Shef, Maryama fa? An ce hannunta..."

Na ce ban sani ba.

"Na riƙe hannun nan na ce mata ta kwantar da hankalinta, hukuma ta ji. Ni na faɗa mata haka. Ba ya cikin wasa, ni na ƙara." Ta goge ido da bakin hijabi. "Ka nemo mini labarinta. Shi kaɗai nake so."

Talata

Ban nemo ba.

Alhamis, da asuba

Yau ne shari'a. Na yi wanka da ragowar ruwan randa, na sa farar shadda. Na shirya abin da zan faɗa. Na maimaita shi a bayi, na maimaita a masallaci. Gajere ne. Ummul Khairi ta tsaya a zaure, Lubna a bayanta da littafi a hannu.

Alhamis, bayan la'asar

Jastis, wato kotu, ta cika kamar ranar Asabar a gaban tele. Na samu wuri a bencin baya. Da aka shigo da ita wani ya ɗaga murya, "Zauna ki sha ruwa tukuna!" Aka fashe da dariya, alƙali ya buga tebur. Wan mijin Maryama yana gaba da babbar riga. Maryama ba ta zo ba.

Aka ɗaga kakin a gaban jama'a. Kakin da na zaɓi yadinsa. An yi masa mugun ninki, galon, alamar muƙamin, ya karkace.

Alƙali yana faransanci, tafinta na juyawa. Ya tambaye ta sau biyu. Na biyun ya ce ta yi tunani da kyau: akwai wanda ya umarce ta?

Ba ta waiwayo ba. Ba ta buƙata. Shekara goma sha biyar tana sanin inda kamara take ba tare da ta kalla ba. Ta jira. Ta jira fiye da yadda ake jira.

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Wata shida.

Fankar ɗakin ba ta aiki. Shi ke nan abin da zan rubuta.

Juma'a

Ummul Khairi ta yanka kaza. Na ce ciwon ciki nake.

Asabar, da hantsi

Rediyo ta ce an ɗaure "wata mata" kan sojan gona. Wata mata. Ba maƙwabciya, ba dillaliya, ba ungozoma, ba shekara goma sha biyar. Mahamud ya dawo, haƙori ya warke, an ji shi yana cewa yana shirya sabon wasa na soyayya.

Ina garin. To, sai me?

Litinin, bayan azahar

Na hau babur na je ƙauyen. Ban tambayi hanya ba, gawo biyun na hango. Suna nan yadda ta faɗa, da rijiyar. Wani ne ke share gonar yana jiran damina.

Ɗakinta ba ƙofa, awaki a ciki. Wata tsohuwa ta ce ɗan'uwanta ya zo da amalanke ya kwashe su can wajen Damagaram Takaya. Na ce hannun fa? Ta ce, "Wanne daga ciki?" Sannan ta ƙare mini kallo. "Kai daga hukuma kake? Da za ta tafi ta ce in sammaci ya zo a aika mata."

Na ce a'a, ɓatan hanya na yi.

Talata, da safe

Na je wajen Metir Adam na gaya masa. Bai yi mamaki ba, wannan ya fi komai ciwo. Ya ce akwai sauran ƙofa ɗaya: a ɗaukaka ƙara, in tsaya shaida. Amma ita ce za ta nema, kuma kwanakin sun kusa ƙarewa.

Ban gaya wa Ummul Khairi ba. Na ce Lubna ta riƙa kai wa kakarta magani da kanta.

Laraba, la'asar

A ƙofa na ba da sunana na gaskiya. Mai gadin ko ɗago kai bai yi ba.

Yau ba ta sara mini ba. Na gaya mata na ƙauyen, duka, ban rage ba. Sannan na gaya mata maganar lauya. Na ce na shirya, ta sa hannu kawai.

"A'a, Shef."

"Ramlatu, fita za ki yi."

"In fita in yi me? In koma gaban kamara? Duk wanda ya zauna gabana yana magana, matar nan zan gani. Na gama wasa. Inna ta tsufa, tukunya na jirana a tasha."

"Ni na sa ki. Ki bari in faɗa."

"Ai an tambaya." Ba ta ɗaga murya ba. "Sau biyu aka tambaya. Na ji ƙamshin turarenka tun daga bencin baya. Na ƙirga numfashi ina cewa yanzu zai tashi, yanzu zai tashi. Da na ga haka na ce to, bari in rufa masa asiri, shi ma mai 'ya'ya ne."

Na ce ki yafe mini.

"Na yafe tun ranar. Amma ba zan sake tsayawa gaban garin nan in jira ka ba. Sau ɗaya ya isa."

Mai gadi ta ce lokaci ya yi. Ta tashi ta tafi. Ba ta waiwayo ba, kuma wannan karon ba don ta san inda nake ba ne.

Alhamis

Ba ruwa. Ba wuta. Ban yi sallar azahar a kan lokaci ba.

Litinin, da hantsi, a bencin jastis

A gwiwa nake rubutu. Na zo tun kafin a buɗe. Magatakarda dattijo ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, dosiye ya rufu, an gama shari'ar."

Na ce a buɗe.

"Mai shi ba ta ɗaukaka ƙara ba. A matsayin me zan sa ka? Ba ka cikin masu ƙara, ba ka cikin shaidu, ba ka cikin waɗanda ake tuhuma. Ka je gida, Allah ya rufa maka asiri."

"Ban zo neman rufin asiri ba. Ni ne mai wasan."

"Takarda ta ce na gidan tele ne."

"Takarda ta yi ƙarya!"

Mutane suka waiwayo. Wani ya ce, "Wane ne wannan?" Ba wanda ya sani. Duk Asabar suna kallon aikina, ba wanda ya san fuskata. Ɗan sandan ƙofa ya ce in fita ko in zauna. Na zauna. In sun rufe zan dawo gobe, in dawo jibi. Ramlatu dai ba zai fitar da ita ba, na sani, Metir ya gaya mini, ita ma ta gaya mini. Amma ba za a ajiye takarda a gidan nan tana cewa ba kowa ba.

Akwai kowa. Ni na sa aka ɗinka kakin. Ni na zaɓi galon. Ni na ce ta zauna ta saurara, ni ne a bayan labule kowace Alhamis. Da ta ce a cire gawo biyun za a gane, ni na ce a bar su. Ba direkta ba, ba Mahamud ba, ba ita ba. Komai na wasan nan nawa ne, har da wannan, kuma ban taɓa barin wani ya ɗauki abin da yake nawa ba.

A rubuta. Mai Nasara Suma'ila, na Garin Malam, Damagaram. A rubuta shi da manyan baƙaƙe, a sama da nata.